Tambayoyi da Amsoshi Kan Sunan Lefebvre: Asalinsa da Tarihin Gidajen da Ke Amsa Shi

Duk wanda ya saba da littattafan Faransanci, ko ya yi hulɗa da Faransawa a wurin aiki ko karatu, da wuya a ce bai taɓa cin karo da sunan Lefebvre ko Lefèvre ba. Suna ne da ya cika arewacin Faransa, ya ƙetara zuwa Beljiyam da Kanada da Amurka, kuma yana ɗauke da tarihin wata tsohuwar sana'a a cikinsa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Mene ne ma'anar sunan Lefebvre, kuma daga ina ya samo asali?

Ma'anarsa ita ce maƙeri. Sunan ya haɗu ne daga kalmomi biyu: "le", wanda ƙaramar kalma ce da Faransanci ke sa wa a gaban suna domin nuna wani sananne, da kuma "fèvre", wadda a tsohon Faransanci take nufin mai ƙirar ƙarfe. Ita kuwa "fèvre" ta fito ne daga kalmar Latinanci "faber", wadda Romawa ke kiran duk mai sana'ar hannu da ke sarrafa abu mai tauri, ko ƙarfe ne, ko katako, ko dutse. Da tafiya ta yi tafiya sai ma'anar ta taƙaita a kan mai aikin ƙarfe kaɗai. Saboda haka idan aka ce "le fèvre" a wani ƙauye shekaru 800 da suka wuce, kowa ya san wanda ake nufi, domin galibi maƙeri ɗaya ne a garin.

Kalmar ta daɗe da fita daga bakin mutane. Bafaranshen yau yana kiran maƙeri da "forgeron", kuma wannan sabuwar kalma ta karɓi wurin tsohuwar ne bayan sunayen iyali sun riga sun zauna daram, shi ya sa ake samun ɗimbin mutane masu suna Lefebvre amma da ƙyar ake jin mai suna Forgeron. Inda tsohuwar kalmar ta tsira a harshen yau da kullum shi ne cikin "orfèvre", wato maƙerin zinariya da azurfa, kuma har yanzu akwai wani titi a bakin kogin Seine a Paris da ake kira Quai des Orfèvres.

Yaya ake furta shi, kuma me ya kawo harafin "b" a tsakiyarsa?

Ana furta shi kusan kamar "Lafebr", amma da sautin "v" a wurin "b" ɗin, kuma ba a jan ƙarshensa. Harafin "b" da ake gani a rubuce ba a furta shi ko kaɗan, don haka Lefebvre da Lefèvre sauti ɗaya ne a kunne. Magatakarda da malaman ƙarni na 15 da na 16, waɗanda suka ƙware a Latinanci kuma suke alfahari da shi, su ne suka riƙa cusa haruffan da ba a furtawa cikin kalmomi domin a tuna da asalinsu, sai suka mayar da "b" na "faber" cikin sunan. Daga baya an tsabtace yawancin kalmomin harshen daga irin waɗannan haruffa, amma sunayen mutane suka riƙe nasu, tun da sun riga sun shiga rajista da takardun gado.

Akwai kuma Lefébure, wanda ya samu daga wani ruɗani na rubutu. A da ba a bambanta "u" da "v" a rubutun hannu, har ma a farkon ɗab'i, don haka aka riƙa rubuta "Lefebure" ana karanta shi da sautin "v". Lokacin da aka raba haruffan biyu, wasu gidaje suka ci gaba da rubuta "u", jikokinsu kuma suka fara furta abin da suke gani a takarda.

Yaushe ne laƙabi ya zama sunan da ake gado?

Kafin ƙarni na 11 yawancin mutanen ƙasar da ake kira Faransa a yau suna ɗaya kawai suke da shi, wanda aka raɗa musu ranar baftisma. Daga ƙarni na 11 zuwa na 13 jama'a ta ƙaru sosai, garuruwa suka bunƙasa, ciniki da rubuta yarjejeniya suka yawaita, a daidai lokacin da iyaye suka raja'a a kan 'yan sunaye kaɗan irin su Jean da Pierre da Guillaume. Idan ƙauye yana da Jean goma, dole a sami hanyar rarrabe su, sai aka riƙa ƙara laƙabi: na sunan uba kamar Martin ko Bernard, na wurin zama kamar Dupont, wato na bakin gada, ko Dubois, wato na kusa da daji, na siffar jiki kamar Petit ko Legrand, ko kuma na sana'a kamar Boulanger mai gasa burodi da Lefèvre maƙeri.

Masu sarauta ne suka fara gadar da laƙabin ga 'ya'yansu, sannan attajiran birane, sannan mutanen karkara, kuma abin bai faru a rana ɗaya ko bisa umarnin wani sarki ba. A hankali aka wayi gari ana kiran ɗan maƙeri da Lefèvre ko da shi manomi ne ko ɗan kasuwa, kuma daga wannan lokaci ne laƙabin ya rabu da sana'ar ya zama sunan gida. Hukuma ta zo daga baya ta ɗaure abin da al'ada ta riga ta kafa. A shekarar 1539 Sarki François na Ɗaya ya sa hannu a dokar Villers-Cotterêts, wadda ta wajabta wa limaman coci rubuta kowace baftisma a rajista, ta kuma ce a riƙa rubuta takardun shari'a da Faransanci. Sai a shekarar 1794, a zamanin juyin juya hali, aka kafa dokar da ta hana ɗan ƙasa amfani da wani suna in ba wanda ke cikin takardar haihuwarsa ba, kuma wannan ƙa'ida tana nan har yau.

Me ya sa sana'ar ƙira ta bar suna mai yawa haka?

Dalilin yana cikin matsayin maƙeri a ƙauye. Manoma sun fi kowa yawa, amma da yake kusan kowa manomi ne, kiran mutum manomi ba ya bambanta shi da maƙwabcinsa. Maƙeri kuwa ga shi a kowane gari, ga shi kuma shi kaɗai ne ko su biyu, wato ya yi yawan da sunansa zai bazu a faɗin ƙasa, ya kuma yi ƙarancin da laƙabin zai nuna shi kai tsaye. Babu gari da zai iya zama ba tare da shi ba. Shi ke ƙera bakin garma da lauje da gatari, shi ke yin ƙusa da sarƙa da makulli, shi ke ɗaura ƙarfe a ƙafar keken shanu, shi ke buga wa doki takalmi. Da sassafe yaronsa zai hura gawayi da zugazugi har ƙarfe ya yi ja, maigidan ya ɗauko shi da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera ya shiga dukansa da masaba, yayin da manoma ke tsaitsaye a bakin ƙofa, kowa da karyayyen kayan aikinsa a hannu, suna jiran layi suna taɗi.

Ƙarni na 12 da na 13, lokacin da sunayen ke kafuwa, shi ne kuma lokacin da amfani da ƙarfe a gona ya ƙaru, aka sare dazuzzuka aka buɗe sababbin gonaki, musamman a ƙasa mai nauyi ta arewa wadda sai babbar garma ke iya keta ta. A birane maƙeran suka kasu kashi-kashi. Kundin sana'o'in Paris da Étienne Boileau ya sa aka tattara wajen shekarar 1268 ya ambaci masu ƙera wuƙa dabam, masu yi wa dawaki takalmi dabam, kowane rukuni da ƙa'idojinsa na ɗaukar almajiri da ingancin aiki. Suna kuma da waliyyin da suke jingina da shi a addinin Katolika, wato Éloi, maƙerin zinariya da ya yi wa Sarki Dagobert hidima, ya zama bishop na Noyon, ya rasu a shekarar 660, kuma ana bikinsa ranar 1 ga Disamba.

Ba Faransa kaɗai ba ce. Smith a Ingila, Schmidt a Jamus, Kowalski a Poland, Kuznetsov a Rasha, Ferrari a Italiya, Herrero a Sifaniya da Haddad a ƙasashen Larabawa duk maƙeri suke nufi ko abin da ya shafi ƙira, kuma kowannensu yana cikin sunayen da suka yi fice a ƙasarsa.

Shin duk masu suna Lefebvre 'yan dangi ɗaya ne?

A'a, kuma wannan ita ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a duk bayanin nan. Sunan bai fito daga mutum ɗaya da ya hayayyafa ba. Ya tsiro ne a dubban ƙauyuka a lokaci guda, a kan dubban maƙera waɗanda ba su san juna ba, ba su haɗa jini ba, wasunsu ma ba su jin karin harshen juna. Mai karatu Bahaushe zai gane wannan cikin sauƙi, domin kusan kowane tsohon gari a ƙasar Hausa yana da unguwar maƙera da Sarkin Maƙera, amma babu mai cewa maƙeran Kano da na Damagaram da na Katsina kaka ɗaya ya haife su don kawai sana'a ta haɗa su.

Saboda haka abin da sunan ke iya faɗa wa mai shi ɗan kaɗan ne, ko da yake yana da daraja: cewa wani kakansa ta wajen uba, a wani lokaci a tsakiyar zamanai, an san shi da ƙira ko da zama a gidan maƙeri, kuma mai yiwuwa a arewacin ƙasar ne. Sunan ba zai faɗi ƙauyen ba, ba zai faɗi sunan kakan ba, ba zai kuma haɗa mutum da wani shahararren Lefebvre ba. A ganina, babban kuskuren masu fara binciken salsala shi ne su fara daga sama, su zaɓi wani babban mutum mai irin sunansu a ƙarni na 16, sannan su shiga neman hanyar da za su sadu da shi. Nasaba ba ta tabbata da kamannin suna. Tana tabbata ne da takarda, daga ɗa zuwa uba, daga uba zuwa kaka, ba tare da tsallake ko da mutum ɗaya ba.

A wane yanki aka fi samun sunan, kuma wace alaƙa ke tsakaninsa da Faure da Fabre da Favre?

Lefebvre mai "b" ya fi yawa a jihohin Nord da Pas-de-Calais da Somme da Seine-Maritime, wato daga kan iyakar Beljiyam zuwa Picardie da Normandie, ya kuma tsallaka zuwa yankin Beljiyam mai magana da Faransanci. Lefèvre ya fi bazuwa a kewayen Paris da Picardie da Champagne da Normandie, Lefeuvre kuma a yamma, wajen gabashin Bretagne. A ƙididdigar haihuwa da hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, ta tattara daga 1891 zuwa 2000, Martin ne kan gaba a duk ƙasar, Lefebvre kuma yana cikin goma sha biyar na farko, alhali ana lissafa Lefèvre dabam. Da za a haɗa rubuce-rubucen sunan wuri ɗaya, da ya matsa kusa da sahun farko.

Sauran sunayen da aka ambata 'yan'uwansa ne ta fuskar kalma. Faransa ta tsakiyar zamanai ba harshe ɗaya take yi ba, don haka "faber" ta rikiɗa gwargwadon bakin kowane yanki. A kudu, inda ake harshen Occitan, ta zama Fabre da Faure. A Savoie da yankin Lyon da yammacin Suwizalan ta zama Favre, a Franche-Comté ta zama Faivre. A yammacin Bretagne kuwa, inda ake harshen Breton, maƙeri Le Goff ne, a Alsace kuma Schmitt. Da jin yadda aka rubuta sunan, masani zai iya hasashen ɓangaren ƙasar da gidan ya fito. Félix Faure, shugaban Faransa daga 1895 zuwa 1899, da Jean-Henri Fabre masanin ƙwari, da Lucien Febvre masanin tarihi, duk sunan maƙeri suke amsawa.

Waɗanne fitattun mutane da gidaje ne suka amsa wannan suna?

Na farko da ake ambata shi ne Jacques Lefèvre d'Étaples, malami daga garin Étaples a bakin tekun arewa, wanda ya fassara Sabon Alkawari zuwa Faransanci a shekarar 1523, aka kuma buga cikakkiyar fassararsa ta Baibul a Antwerp a 1530. A rubuce-rubucensa na Latinanci ya kira kansa Faber Stapulensis, abin da ke nuna cewa malaman zamanin sun san tushen sunan sarai.

Gidan Lefèvre d'Ormesson ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin yana nuna yadda sunan talaka ke hawa zuwa sarauta. Olivier Lefèvre, ma'aikacin baitulmalin sarki a ƙarni na 16, ya tara dukiya ya sayi ƙasar Ormesson kusa da Paris, sai ya ƙara sunan ƙasar a kan nasa kamar yadda masu hali ke yi a lokacin. Zuriyarsa ta shafe ƙarnoni tana ba da alƙalai da manyan ma'aikatan gwamnati. Jikansa, shi ma Olivier, yana cikin alƙalan da suka yi shari'ar Nicolas Fouquet, ministan kuɗin da Sarki Louis na 14 ya sa aka kama. Fadar sarki tana son hukuncin kisa, amma d'Ormesson ya tsaya a kan kora daga ƙasa, kotu kuma ta bi ra'ayinsa a shekarar 1664. Sarki ya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai, alƙalin kuma ya rasa tagomashinsa a fada har ƙarshen rayuwarsa. Marubucin nan Jean d'Ormesson, wanda ya shiga Académie française, majalisar da ke kula da harshen Faransanci, a 1973 ya rasu a 2017, ɗan wannan gida ne, kuma cikakken sunansa yana ɗauke da Lefèvre, sai dai duniya ta san shi da sunan ƙasar ne kawai.

François Joseph Lefebvre hanyarsa dabam ce. An haife shi a 1755 a Rouffach cikin Alsace, ɗan talaka ne, ya shiga soja a matsayin kurtu, yana saje lokacin da juyin juya hali ya ɓarke a 1789. Napoleon ya ba shi muƙamin marshal a 1804, ya kuma naɗa shi duke na Danzig a 1807 bayan ya ci birnin da yaƙi. Matarsa Catherine Hubscher wanki take yi kafin ɗaukakar ta zo, kuma bai rabu da ita ba. Ya rasu a 1820 ba tare da ɗan da zai gaji sarautar ba, don haka duk wanda aka gaya masa cewa shi tattaɓa kunnen marshal ɗin ne ta wajen maza, ya kamata ya nemi hujja.

A fagen ilimi akwai Georges Lefebvre, haifaffen Lille, wanda ya rayu daga 1874 zuwa 1959 kuma ya shahara da binciken rawar da manoma suka taka a juyin juya hali, da Henri Lefebvre, masanin falsafa da zamantakewar birane, wanda ya rasu a 1991. Hatta haruffan LU da ke jikin kwalin biskit daga nan suka fito: Jean-Romain Lefèvre ya buɗe shagonsa a Nantes a 1846, ya auri Pauline-Isabelle Utile, aka haɗa sunayen biyu, ɗansu Louis kuma ya ƙirƙiro biskit ɗin Petit Beurre a 1886.

Ta yaya sunan ya isa Kanada da Amurka?

Ta hanyoyi biyu manya. Ta farko ita ce ƙaurar Katolika zuwa yankin kogin Saint-Laurent bayan an kafa Québec a 1608. Da yawa daga cikin baƙin farko sun fito ne daga Normandie da kewayen Paris, inda sunan ke da yawa, kuma maza da dama masu suna Lefebvre, waɗanda ba su haɗa dangi ba, suka kafa gidaje a can cikin ƙarni na 17. Domin rarrabe su sai aka riƙa ƙara laƙabi na biyu da kalmar "dit", wato wanda ake ce wa, kamar Lefebvre dit Boulanger, har wasu jikokin suka yar da sunan asali suka riƙe laƙabin.

Ta biyu ita ce gudun hijirar Furotesta, waɗanda ake kira Huguenot. Dokar Nantes ta 1598 ta ba su 'yancin ibada, amma matsi ya yi ta ƙaruwa har Louis na 14 ya soke ta a 1685, mutane masu yawa suka tsere zuwa Holan da Ingila da ƙasashen Jamus. Tun kafin sokewar ma, 'yan'uwa biyu, Simon da André LeFevre, suna cikin mutum goma sha biyu da suka kafa garin New Paltz a jihar New York ta yau a 1677.

A bakin masu Turanci sunan ya sha wuya. Ya koma Lefever da LaFever da LaFave. Lokacin da Faransawan Kanada suka kwarara zuwa masaƙun arewa maso gabashin Amurka a ƙarni na 19, wasu suka ɗauka sunan daga "fève" ya fito, wato wake, sai suka fassara shi zuwa Bean. Mai bincike a Amurka dole ya sa ido a kan duk waɗannan.

Akwai wata alaƙa tsakanin sunan da Afirka ta Yamma?

Akwai, ta hanyar mutane ɗaiɗaiku. Marcel Lefebvre, haifaffen Tourcoing a 1905, ya yi aikin mishan a Gabon, ya zama babban bishop na Dakar daga 1955 zuwa 1962, kafin ya yi suna da adawa da sauye-sauyen da cocin Katolika ta yi, har aka kore shi daga cikinta a 1988. A zamaninmu kuma akwai Camille Lefebvre, masaniyar tarihi Bafaranshiya, wadda ta yi bincike mai zurfi a kan tarihin iyakokin Nijar da kuma yadda sojan Faransa suka mamaye Damagaram da Agadas.

Shin akwai tambarin gidan Lefebvre?

Babu tambari ɗaya, wato zanen alamar gida da ake gado, da ya haɗa masu sunan. A al'adar Faransa tambari mallakar wani mutum ne da zuriyarsa, ba na duk mai irin sunansa ba, kuma gidaje da yawa masu wannan suna sun yi rajistar tambura mabambanta, musamman bayan 1696, lokacin da Louis na 14 ya sa aka buɗe babban kundin tambura domin karɓar haraji a kansu. Hotunan da ake sayarwa a intanet da sunan tambarin iyali galibi na wani gida ɗaya ne aka ɗauko aka liƙa wa kowa, kuma bai dace mutum ya rataya abin da ba shi da hujjar cewa na kakanninsa ne ba.

Wanda yake son bin salsalarsa, daga ina zai fara?

Zai fara daga kansa ya yi baya. Abu na farko shi ne gano ƙauye ko garin da aka haifi kakan da aka sani na ƙarshe, domin a Faransa takardun haihuwa da aure da mutuwa gari-gari ake ajiye su, babu wani kundi guda na ƙasa baki ɗaya da za a buɗe a ga kowa. Daga shekarar 1792 aikin rajista ya tashi daga hannun coci ya koma ofishin magajin gari, kuma ana yin jadawalin sunaye na kowace shekara goma, wanda ke sauƙaƙa nema ƙwarai. Kafin 1792 sai a koma rajistar coci. Kowace jiha tana da ma'adanar takardunta, waɗanda aka kafa tun 1796, kuma yawancinsu sun ɗora hotunan tsofaffin rajistoci a intanet kyauta. Takardun haihuwa da na aure suna buɗewa ga kowa bayan shekara 75, na mutuwa kuwa ba a jira.

Takardar aure ita ce mafi albarka, domin tana kawo sunan ango da amarya, da shekarunsu, da sana'arsu, da sunayen iyayensu huɗu, da na shaidu, waɗanda sau da yawa 'yan'uwa ne. Wani abin da ke taimakawa shi ne a dokar Faransa mace ba ta rasa sunan gidansu don ta yi aure, don haka ko a takardar mutuwarta da sunan mahaifinta za a rubuta ta. A rajistar baftisma kuma, bayan sunan jariri da na iyayensa, liman yana rubuta sunan uban baftisma da uwar baftisma, sannan a ƙasa a ga wanda ya sa hannu da wanda aka rubuta cewa bai iya ba, wani lokaci da ɗan gicciye da ya zana da hannu mai rawa. Ga mai suna mai yawa kamar Lefebvre, waɗannan ƙananan bayanai su ne ke raba Jean ɗin da ake nema da sauran Jean uku na ƙauyen. Bayan waɗannan akwai takardun ƙidayar jama'a da aka riƙa yi a da kusan kowace shekara biyar daga 1836, da rajistar ɗaukar soja, da takardun sadaki da rabon gado da ke hannun masu rubuta yarjejeniya.

Waɗanne matsaloli ne mai bincike zai tarar?

Ta farko ita ce rubutun sunan. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 liman ko magatakarda yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, don haka mutum ɗaya yana iya zama Lefebvre ranar baftismarsa, Le Fèvre ranar aurensa, Lefebure ranar jana'izarsa, kuma 'ya'yan uba ɗaya su tashi da rubutu mabambanta. Rubutun ya fara zama wuri ɗaya ne bayan an fito da littafin iyali a shekarun 1870, wanda ake ba ma'aurata su riƙa gabatarwa duk lokacin da za a yi musu wata rajista. Bambancin harafi a tsohuwar takarda ba hujja ba ce ta cewa gida biyu ne, kamar yadda daidaituwarsa ba hujja ba ce ta cewa gida ɗaya ne.

Ta biyu ita ce asarar takardu. A watan Mayun 1871, a ƙarshen boren Paris, gobara ta cinye ginin majalisar birnin da na kotu, ta ƙone kwafi biyu na rajistar birnin ta kafin 1860, miliyoyin takardu, kuma wani kaso ne kawai aka iya sake haɗawa. Ma'adanar jihar Manche da ke Saint-Lô ta ƙone a ruwan bama-baman 1944, kuma yaƙe-yaƙen duniya biyu sun yi ɓarna a arewa, wato daidai yankin da sunan ya fi yawa. Akwai kuma kalandar juyin juya hali da aka yi amfani da ita daga 1793 zuwa ƙarshen 1805, mai watanni da sunaye na dabam, wadda sai an juya ta kafin a gane kwanan wata. Ko inda komai ya tsira, yawancin gidajen talakawa suna tsayawa ne a ƙarni na 17, kaɗan su kai na 16, wato tsakanin takarda mafi tsufa da ainihin maƙerin da ya fara amsa laƙabin akwai tazarar shekaru ɗaruruwa da ba a rubuta ba.

Gwajin ƙwayoyin halitta zai iya cike wannan giɓi?

Yana iya nuna ko maza biyu masu sunan sun haɗa kaka ta wajen uba, domin akwai ɓangaren ƙwayar halitta da ke bin layin maza kamar yadda sunan ke bi. Ba zai iya ba da sunan kakan ko ƙauyensa ba. A cikin Faransa kuma doka ta hana yin irin wannan gwaji don nishaɗi ko neman asali, sai da umarnin kotu ko don magani ko binciken kimiyya, kuma tarar da aka tanada ta kai Yuro 3,750. Wannan ya sa yawancin sakamakon da ake da shi na zuriyar Kanada da Amurka ne.

Shin har yanzu dole ne ɗa ya gaji sunan ubansa a Faransa?

Ba dole ba ne yanzu. Wata doka ta shekarar 2002, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2005, ta ba iyaye damar ba ɗansu sunan uba, ko na uwa, ko duka biyun a jere yadda suka zaɓa, da sharaɗin cewa zaɓin da aka yi wa ɗan fari shi zai bi sauran 'ya'yan da suka haifa tare. Daga 1 ga Yulin 2022 kuma, duk baligi yana iya zuwa ofishin magajin gari sau ɗaya a rayuwarsa ya ɗauki sunan mahaifiyarsa ko na mahaifinsa ko ya haɗa su, ba tare da doguwar hanyar neman izini daga ma'aikatar shari'a ba. Wanda kuwa yake son ɗaukar wani suna dabam da ba na iyayensa ba, har yanzu sai ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili, an buga buƙatarsa a jaridar gwamnati, sannan a amince masa da doka ta musamman.